Yadda Za Ka Rufe Bakin Ɗalibar Da Ta Fi Ka Kai

Malam, na san abin da ke damunka. Akwai wata a ajinka wadda in ta ɗaga hannu sai ka fara neman ƙofar fita. Kada ka ji kunya, ba a kanka aka fara ba. Ni da kake gani shekarata ashirin da uku ina koyar da lissafi a sakandare, kuma ga alkawarina: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kafin zango biyu su ƙare hannun nan zai sauka. Na gwada da kaina, ya yi aiki ɗari bisa ɗari.

Tawa ɗalibar 'yar aji biyu ce, shekararta goma sha uku, 'yar siririya, kullum hannun rigarta da tabon tawada. 'Yan ajinsu suka sa mata Me-ya-sa, mu ma malamai muka ɗauka. Da ita zan riƙa ba ka misali.

Mataki na ɗaya: Ka yarda da fayil

Kowane ɗalibi yana da fayil a kabad ɗin ofishin Shugaban makaranta. Je ka duba nata, babu abin tsoro a ciki. Na Me-ya-sa takarda uku ce: hotonta, shaidar haihuwa, da layi ɗaya da wani malamin firamare ya rubuta: "Tana da surutu."

Shekara shida ta yi a firamare. Malamai shida sun san abin da ke kanta, ba wanda ya rubuta. Tsari ne mai kyau, ka girmama shi. Abin da malami ya sani game da ɗalibi a kansa yake ajiyewa, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da kayansa. Ta haka kowane sabon malami zai gamu da matsalar sabuwa fil, ba wanda ya fi wani shan wahala. Adalci ke nan.

Mataki na biyu: Ka tanadi hanyoyin fita

Ranar farko ina bayanin rabawa, na ce ba a raba lamba da sifili. Shekara ashirin ina faɗin haka, yara suna rubutawa. Sai ga hannu.

"Malam, me ya sa?"

"Haka dokar take."

"Wa ya kafa dokar, Malam?"

Ka ga inda ake zuwa. Don haka kada ka shiga aji sai da makamai a aljihu. Na farko: "Ba ya cikin manhajar bana." Na biyu: ka kalli agogo, ka girgiza kai kamar kai ma abin ya yi maka ciwo. Na uku: ka dafa aljihu ka fita kamar waya ta kira ka. Wannan sau biyu kawai yake aiki a zango, don yara suna lura cewa wayar ba ta haske.

Akwai na huɗu da tsofaffin malamai ke ba da shawara, wato ka ce, "Tambaya mai kyau! Ki je gida ki nemo mana amsa." Ka guje shi. Ni shi na yi amfani da shi ranar, washegari ta kawo mini shafi uku. Na karanta na farko, na ɗan gane na biyu, a ƙasan na uku na rubuta "An gani", na sa hannu.

Mataki na uku: Ka ba ta muƙami

Mai ƙwaƙwalwa ba a barinsa a zaune. Naɗa ta monita. Ita za ta goge allo, ta ɗauko alli, ta kai rajista ofis, ta kira maka malamin da ka san yau bai zo aiki ba. Duk minti goman da ta yi a waje minti goma ne na lafiyarka.

Amma fa kada ka wuce gona da iri ka ce ta riƙa taimaka wa na baya-baya da darasi. Na yi wannan kuskuren. Na haɗa ta da yara huɗu na bencin ƙarshe, waɗanda tun da na san su ba su taɓa tada mini hankali ba, barcinsu kawai suke yi. Sati biyu da haɗa su, wani dogo a cikinsu ya ɗaga hannu.

"Malam, me ya sa ake juya ta biyun in za a raba lambobi masu sama da ƙasa?"

Ranar na raba zaman. Abin yana yaɗuwa.

Mataki na huɗu: Ka haɗa kai da abokan aiki

Wata Talata muna ɗakin malamai ana jiran ruwan shayi ya tafasa, Malamar kimiyya ta shigo ta jefa jakarta a kan tebur.

"Wai don Allah, in sauro ne ke ɗauke da cutar zazzaɓi, me ya sa shi ba ya kwanciya jinya?"

"Me-ya-sa ce?" in ji ni.

"Wa kuma? Na tsaya kamar an dasa ni. Yara arba'in suna kallona."

Malamin labarin ƙasa ya ajiye kofinsa. "Ni jiya ce mini ta yi, tunda iska mai zafi sama take yi, me ya sa kan dutse ya fi ƙasa sanyi. Na ce ta fitar da taswira."

A nan basirar ta zo mini. Na ɗauko wata tsohuwar rajista da ba a cike ba, na ja layi uku da rula: kwanan wata, tambayar da ta yi, yadda ka tsira. Duk wanda ta kama ya zo ya rubuta kafin ya sha shayi, don na gaba ya shiga da shiri. Muka sa masa Littafin Gargaɗi, muka ɓoye shi ƙarƙashin tiren kofuna.

Ka yi haka kai ma. A shekaruna na aiki ban taɓa ganin malamai sun haɗa kai a kan abu irin wannan ba. Mutanen da ba sa ara wa juna ko dastar goge allo suka koma karanta rubutun juna.

Sai dai ka sa ido. Bayan wata guda na buɗe littafin, na tarar wani ya ja layi na huɗu, ya rubuta "Amsa" a samansa. Rubutun Malamar kimiyya ne.

"Malama, wannan fa?"

"Abin ne ya tsaya mini a rai, Malam. Na je laburare na duba. Ka san ashe shi ma sauron abin yana taɓa shi?"

"Ba don haka aka buɗe littafin nan ba."

"To ka goge."

Ban goge ba, da biro ta rubuta. Kafin ƙarshen zango malamai biyar sun kamu. Sai ka ga mutum da furfurarsa yana tambayar inda laburare take. In ka ga layi na huɗu ya bayyana, ka yage shafin tun a ranar.

Mataki na biyar: Ka gano mai ba ta makamai

Yarinya ba ta ƙirƙiro tambaya sittin daga iska. Akwai mai ciyar da ita. Namu Baba mai laburare ne, dattijon da saura shekara ɗaya ya yi ritaya. Laburarensa ba ta da jerin sunayen littattafai, komai a kansa yake. Ka ce masa, "Baba, wani koren littafi mai zanen alwatika," ya miƙa hannu bayansa ya zaro maka ko waiwayawa bai yi ba.

Na same shi yana manna bangon wani littafi da gam.

"Baba, littattafan 'yan aji shida kake ba 'yar aji biyu?"

"Ita kaɗai ke buɗe su, Malam. Wasu tun da aka kawo su shafukansu a manne suke, ita ta raba su."

"Za su rikita mata kai."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Nata kan?"

Kada ka tsaya musu da irin waɗannan tsofaffin. Ka rubuta takarda. Na rubuta cewa don kare lafiyar littattafai da ta yara, kowane ɗalibi ya tsaya a kantar ajinsu. Shugaba ya sa hannu yana amsa waya. Aka liƙa a ƙofar laburare, aka sa ita ta liƙa, tunda ita ce monita.

Mataki na shida: Ka sa a yi mata dariya

Duk na baya share fage ne. Wannan shi ne aikin.

Ka zaɓi ranar da aji ya cika, bayan hutun rana, lokacin da yara ke neman abin dariya. Ni ranar Laraba ce. Ina tsakiyar rubutu na ji muryarta.

"Malam..."

Na juyo a hankali. Na ajiye littafina.

"Kowa ya miƙe," na ce. "Farfesa za ta yi magana."

Suka miƙe, benci na ƙara, ana ƙyalƙyala dariya. Na miƙa mata alli.

"Zo ki karɓa. Tunda kin fi mu sani, ki koyar da mu. Ni zan zauna a wurinki."

Na je na zauna a bencinta, na harɗe hannu. Ta tsaya gaban allo da alli a hannu. Wani ya yi fito, wata ta ce, "Farfesa, muna jira." Saura minti goma sha biyu a tashi, kuma duka ta yi su a tsaye, tana kallon ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Da aka kaɗa ƙararrawa ta ajiye allin a kan teburina a hankali, don kada ya karye.

"Yi haƙuri, Malam," ta ce.

Shi ke nan. Daga ranar hannun bai sake tashi ba, a ajina ko a na kowa. Sati uku Littafin Gargaɗi bai samu sabon layi ba. Na cika maka alkawari. Matakan da suka rage na kare nasararka ne, don a nan ne ni na yi sakaci.

Mataki na bakwai: Ka karɓi godiya, ka tafi gida

Iyaye za su zo godiya. Babanta mai gyaran janareto ne. Ya same ni a baranda bayan an tashi, ya miƙo mini tsintsiyar hannu don tafinsa duk baƙin mai ne.

"Malam, zuwa na yi in yi godiya. Ban san me kuka yi mata ba, amma yarinya ta natsu. Da can ko inji na buɗe sai ta tsaya a kaina, Baba wannan fa, Baba me ya sa wancan ke juyawa, har in rasa inda na ajiye sifana. Yanzu shiru. Uwarta ta ce ta yi hankali."

"Aikinmu ke nan," na ce.

"Har ta ce in shekara ta ƙare ba sai ta dawo ba, za ta zauna shagon ɗinkin uwarta. Wai ta riga ta gane abin da ake so a makaranta."

Ya yi sallama, ya sauka matakala biyu, sai ya juyo yana murza hularsa.

"Amma Malam, lafiyarta ƙalau ko? A nan tana magana? Don ni... shagon ya yi mini shiru da yawa."

"Ƙalau take," na ce masa.

Iyakar abin da za ka faɗa ke nan. Ka ɗauki jakarka ka tafi gida, ka ci abincinka. In matarka ta tambaye ka me ya sa kake juya cokali ba ka ci, ka ce gishiri ne ya yi yawa.

Mataki na takwas: Kada ka gwada ko aikin ya kama

Ya kama. Ka bar shi haka. Ni shaiɗan ne ya zuga ni na ce bari in tabbatar.

Washegari a tsakiyar wani lissafi na rubuta a allo da manyan baƙi: bakwai sau takwas, hamsin da huɗu. Da gangan. Ɗan firamare ya san hamsin da shida ne. Na ja gefe ina jira. Ta kalli allon, ta kalle ni, ta sunkuyar da kai ta rubuta. Na zaga kamar mai duba aiki har na iso kanta. Ga shi nan da kyakkyawan rubutu, hamsin da huɗu, har ta ja masa layi da rula.

Ban ƙarasa darasin ba. Na tafi ɗakin malamai na ɗaga tiren kofuna. Tambaya sittin da ɗaya. Arba'in da wani abu suna da amsa, da rubutun hannu kala-kala. Nawa goma sha huɗu ne, kuma gaban kowacce layi na huɗu fari tas. A layi na uku kuwa ba wanda ya kai ni cika wuri.

Abin da ya biyo baya ina faɗa maka ne don ka guje shi. Na zaɓi tambaya ɗaya, na je wurin Baba mai laburare bayan an tashi. Ya zaro littafi ya ajiye mini, ya jawo mini kujera. Littafin daga kantar 'yan aji shida yake. Kwana tara ina zuwa. A na huɗu na ce masa marubucin ya yi kuskure, a na bakwai na janye maganata.

Ranar Litinin na shiga aji da rajistar a hammata. Na buɗe, na karanta da ƙarfi.

"Ran sha biyu ga watan jiya, wata a ajin nan ta tambaye ni: tsakanin lambobi gaba ɗaya, da lambobin da ke rabuwa biyu daidai, waɗanne suka fi yawa? Na ce mata ba ya cikin manhaja." Na rufe rajistar. "Gaskiyar magana, ban sani ba ne."

Na juya ga allo. Na rubuta ɗaya, na sa biyu a ƙarƙashinsa. Biyu, huɗu a ƙarƙashi. Uku, shida. Na ce su duba, kowace lamba ta sama tana da abokiyarta a ƙasa, kowace ta ƙasa tana da tata a sama, har abada ba wadda za ta rasa. Ke nan yawansu ɗaya.

Dogon nan na bencin ƙarshe ya yi tsalle. "Haba Malam! Rabin abu ya yi daidai da abu?"

"Ni ma kwana bakwai ina faɗa da littafin a kan haka."

Aji ya kaure da musu. Aka tashi, kowa ya fita, Me-ya-sa ta tsaya tana ɗaure jakarta a hankali.

"Malam, wannan littafin na mene ne?"

Na miƙa mata. Ta yi ta buɗawa a tsaye. Ta ga tambayoyinta duka da kwanan wata. Ta ga amsoshin. Ta kuma ga layi na uku, inda na rubuta da hannuna, "Na yi kamar ana kirana a waya." Gefen bakinta ya ɗan motsa.

Kada wani ya ce maka na ba ɗaliba haƙuri. Cewa kawai na yi, "Abin da na yi miki waccan ranar Laraba ba daidai ba ne. Ki yafe ni." Wannan bayani ne.

Ba ta ɗago ba. Ta sa yatsa a wani shafi.

"Amsar nan ta dutse, rabinta ne daidai."

"Ta malamin labarin ƙasa ce."

"Zan iya gyarawa?"

Na zaro jan birona daga aljihu na ba ta.

Mataki na tara: In komai ya lalace, ka bar wa Shugaba

Ana cikin haka takarda ta zo daga sama, wai kowace makaranta ta nuna wa masu duba makarantu tsarin da take bi wajen tattara ilimi da adana shi domin yara masu hazaƙa. Shugaba ya kira taron gaggawa, yana share gumi.

"Muna da wani abu makamancin haka?"

Malamar kimiyya ta ɗaga tiren kofuna.

Kwana biyu sakatare yana yanka farar takarda yana mannawa a kan layi na uku, shafi bayan shafi. Aka yi sabon bango, aka buga masa suna mai layi biyu. Da baƙin suka zo, Shugaba ya bayyana musu cewa tun zuwansa makarantar yake da wannan burin. Suka ba shi takardar yabo, tana rataye a ofishinsa. Sanarwar ƙofar laburare kuwa ya ce bai san wanda ya rubuta ta ba, ya sa a cire. Na taya shi mamaki.

Yanzu ga halin da sakacina ya jefa mu. Littafin Gargaɗi ya koma laburare, an shiga rajista ta uku. Duk Alhamis bayan an tashi yara bakwai da malamin da tsautsayi ya faɗa wa suna zama a kansa. An sa Baba ya rubuta inda kowane littafi yake kafin ya tafi, yana yi yana mita. Ni kuma an ɗora mini rubuta abin da muka sani game da kowane yaro a fayil ɗinsa, ba kuma layi ɗaya ba.

Sanarwar wanke hannu

Me-ya-sa ba ta je shagon ɗinki ba. Ta ci jarrabawar wata makarantar kimiyya, ta tafi, fayil ɗinta ya bi ta da kwafin rajista biyu a ciki. Sati uku da tafiyarta wani saurayin malami ya kira ni daga can.

"Ranka ya daɗe, na karanta duk abin da kuka aiko. Amma yau ta yi mini wadda ba ta ciki. Me kuke ce mata in ba ku sani ba?"

"Akwai laburare a makarantarku?"

"Akwai."

"To Allah ya ba ka haƙuri," na ce, na kashe wayata.

Saboda haka kowa ya shaida. Wanda ya karanta wannan ya zarce har mataki na takwas, ya wayi gari yana karatu da furfura, yara suna gyara masa amsa da jan bironsa, babu ruwana, na gargaɗe shi. Wanda kuma ya bi shawarata sau da ƙafa, ya tsaya a na shida, ya samu shirun da yake nema, shi ma kada ya neme ni. Shirun nasa ne. Shi zai riƙa shiga aji kowace safiya yana tarar da shi a zaune, da littafi a buɗe, yana kwafe duk abin da ya rubuta a allo.